Furannin Maman 'Yan Biyu

Ni 'yar ƙauye ce, daga gindin duwatsun Kagoro. A gidanmu abin da za a ci shi ake shukawa: acca, dawa, gwaza, da 'yar citta ta sayarwa. Har na yi aure ban taɓa ganin mai hankali ya ja ruwa daga rijiya ya zuba wa tsiron da ba ya shiga tukunya ba.

Mijina malamin firamare ne. Da ya kawo ni Kafanchan, muka kama hayar ɗaki biyu a wani gida kusa da tashar jirgin ƙasa. Ɗan gajeren shinge ne ya raba mu da maƙwabtanmu, waɗanda Ibo ne. Maigidan yana gyaran kan jirgi a reluwe, gidan kuma nasu ne, su suka gina abinsu. Matar ta girme ni sosai, tana da tagwaye mata, don haka duk unguwa Maman 'Yan Biyu ake ce mata. Ita kuma tana kirana Matar Tica. Hausarta irin ta kasuwar Kafanchan ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. Tawa ma a lokacin ba ta fi tata da yawa ba.

Tsakar gidanta ce ta fara ɗaure mini kai. Akwai wani mai ƙaya da ya hau katanga, furensa kamar takarda. Akwai mai jan fure babba, irin na yakuwa amma ya fi shi girma. Akwai ƙanana a gwangwanin madara, masu buɗewa da hantsi su rufe da la'asar. Can kusa da ƙofar ɗakinta kuma ga ros guda ɗaya, furen nan na Turawa mai ƙamshi, wanda ko tagwayen ba su isa su taɓa ba. Ita ta fara ba ni reshe, ta nuna mini yadda ake dasa shi. Na karɓa ne don kunya. Da ya yi toho, sai na tarar kullum da safe shi nake fara leƙawa kafin in hura wuta.

A shekarar da aka yi tashin hankalin da ya sa Ibo suka gudu daga Arewa, ina ƙauye wajen haihuwar fari. Da na dawo da jariri a baya, na tarar da gidansu a kulle. An ce sun shiga jirgi da abin da hannu zai iya ɗauka. Ba mu yi sallama ba.

Da farko ta kan shinge nake watsa wa furannin ruwa. Daga baya aka sa wani direban babbar mota a gidan, shi da iyalinsa da awakinsu. Mutanen kirki ne, amma akuya ba ta san fure ba. Na roƙi matarsa, ta bar ni na yanko rassa daga kowane iri, ros ɗin kuwa na tono shi da saiwarsa da ƙasarsa na kawo wajenmu. Na dasa a gwangwanaye, da tsohon baho, da fasasshiyar randa, da suka yi ƙarfi na mai da su ƙasa. Uwata ta zo ganin jika, ta ce na tara wa macizai gida. Mijina ya ce da masara na shuka da mun sha kunu. Amma duk ranar Asabar matan zumunta na majami'armu sai sun aiko a yankar musu na sawa a bagade, shi ma ya daina magana.

Duk shekarun yaƙin basasa, in ina ba furannin ruwa, abu ɗaya nake rayawa a raina: ranar da Maman 'Yan Biyu za ta dawo ta ga ban bar ko ɗaya ya mutu ba.

Ta dawo a farkon shekarun saba'in, da damina. Ina wanki a bakin rijiya sai na ga wata mace a ƙofa, siririya, da ƙunshi a ka, ga yarinya riƙe da gefen zanenta. Sai da ta yi magana na gane ta.

"Matar Tica, ka na nan?"

Na yar da sabulu na ruga. "Maman 'Yan Biyu! Maman 'Yan Biyu!" Na rungume ta da kumfa a hannuna, ina jin ƙasusuwan bayanta. Na shafa kan yarinyar, sannan na leƙa bayansu ina neman ɗayar.

"Ɗaya ne yanzu," in ji ta. "Babansu ma babu."

Na karɓi ƙunshin na shigar da su ɗaki, na ɗora ruwan wanka.

Kwanaki ina kiranta Mama kawai, ina haɗiye ragowar sunan. Ta lura. Wata rana muna tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ka kira ni yadda ka saba. Biyu na haifa."

Mijina da wasu dattawan unguwa suka je wajen direban. Bai yi gardama ba, ya ce a ba shi lokaci masararsa ta nuna ya kuma nemi inda zai koma. Don haka ita da 'yarta suka zauna tare da mu, suna kwana a ɗakin yara.

Washegarin zuwanta na kasa haƙuri. Na kama hannunta na zagaya da ita bayan ɗaki, inda furannin suka fi yawa. A lokacin sun cika wurin, mai ƙayan ya hau har rufin kicin.

"Duk naki ne," na ce. "Ga ros ɗinki ma. Da kin koma gidanki sai mu mai da su."

Ta tsaya tana kallo, fuskarta ba ta canza ba. Ta miƙa hannu ta tsinki ganyen mai jan furen, ta murza shi tsakanin yatsunta.

"Wannan ana ci," ta ce. "In ka dafa shi yana yauƙi kamar kuɓewa. A can mun ci."

Ta yar da ganyen, ta koma ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta juya wa furannin baya. Duk zamanta a gidanmu haka take zama.

Da direban ya tashi ta koma gidanta, ta share, ta wanke, ta ɗauki fartanya. Ba ta bar ko taku ɗaya na tsakar gidan ba: rogo, gwaza, kabewa, barkono, ganyen miya iri iri, har bakin ƙofar ɗaki inda ros ɗin yake a da. Na ɗauki gwangwanaye masu kyau na kai mata. Da yamma na tarar da su a jere a gindin shinge, ta wajenmu.

Abin ya yi mini zafi. Na ce wa mijina, "Shekara da shekaru ina ɗawainiya da su, ko kallonsu ba ta yi ba."

Ya ajiye littattafan yara da yake dubawa ya ce, "Ke kika san abin da kika ajiye mata. Ba ki san abin da ta gani ba. Ki bar ta."

Na bar ta. Muka ci gaba da zaman maƙwabtaka, aron gishiri, aron turmi. Ta fara sayar da abinci a tasha, shinkafa da miya da soyayyar doya, tana fita tun da safe kafin jirgin Kudu ya iso. Yarinyar ta shiga makarantar da mijina yake koyarwa. Ranar Lahadi su tafi cocinsu, mu mu tafi majami'armu, in an taso mu haɗu a hanya. Maganar fure ba ta sake shiga tsakaninmu ba har damina ta wuce, rani ma ya kusa ƙarewa.

Ros ɗin a lokacin ya yi tsawo ya rame, sai ƙaya da 'yan ganye, furensa ƙanana kamar bai so ba. Wata la'asar na ɗauko wuƙar kicin na shiga rage masa rassa. Wuƙar ba ta da kaifi, ina ja ina murɗawa, ɓawon yana yagewa. Sai na ji murya ta kan shinge.

"Matar Tica! Nama ka ke yankawa?"

Na ce, "Gyara shi nake yi."

"Ka na kashe shi dai. Ajiye. Na ce ajiye!"

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar wuƙa, ta wasa ta a kan dutse, ta zagayo. Ba ta tambaye ni ba, ta hau yanka. Kowane reshe sara ɗaya, a karkace, daidai saman idon toho. Ta yi ta yanka har ros ɗin da ya kai ƙirjina ya koma iya gwiwa, 'yan sanduna tsirara. Na kusa kuka.

"Maman 'Yan Biyu, kin gama da shi!"

"Ka yi shiru. Kawo toka."

Na kawo toka daga murhu, ta tona gindin ta nuna mini gara sun fara ci, ta barbaɗa. Ta ce in nemo kashin shanu wanda ya bushe ya tsufa, kada in kuskura in sa ɗanye. Sannan ta miƙe tana goge hannu a zane, ta dubi sauran furannin, karo na farko da na ga ta dube su da gaske.

"Wa ya ce ka sa wannan a inuwa? Rana ya ke so. Wancan kuma ka matse shi, ba ya numfashi."

Ta yi ta faɗa har duhu ya fara. Ni kuwa ina biye da ita ina "to, to," ina ɓoye murna don kada ta gani ta fasa.

Da ruwan farko ya sauka ros ɗin ya fitar da jajayen toho ta ko'ina. Kafin tsakiyar damina ya yi furen da ban taɓa ganin irinsa a wajena ba, manya, masu nauyi, har reshen yana sunkuyawa. Na yanko ɗaya zan kai mata, sai na tuna gwangwanayen nan, na sa shi a kofi a ɗakinmu.

Tun daga nan, in ta dawo daga tasha ta wanke tukwanenta, sai ta zagayo wajenmu da wuƙarta. Ta yi ciro, ta yi dashe, ta koya mini yadda ake tanƙwaro reshe a binne tsakiyarsa har ya yi saiwa kafin a yanke. Ran Asabar ita take zaɓar waɗanda za a kai majami'armu, ko da yake ba ta taɓa shiga ba. Amma a gidanta ba ta dasa ko ɗaya ba, ni kuma ban sake tayi ba.

Wata rana muna tsugune muna cire ciyawa a gindin wani mai ƙananan jajayen furanni a dunƙule, ta zaro fure ɗaya ta tsotsi gindinsa.

"Akwai zaƙi a ciki," ta ce. "Wanda ya mutu, shi ya ke yin haka. Kullum ya tsinke mini su ya tsotse. Ni kuma in kama shi in dake shi." Ta yar da furen. "Saboda fulawa."

Hawaye suna zuba amma hannunta bai daina cire ciyawa ba. Ban ce mata ta yi haƙuri ba, don mutane sun faɗa mata har ta gaji. Na matsa kusa da ita muka ci gaba da aikin, kafaɗa da kafaɗa, har muka kai ƙarshen layin. Wannan ne kaɗai lokacin da ta yi mini maganar yarinyar.

Bayan wasu shekaru aka buɗe sabbin makarantu a ƙauyuka, aka yi wa mijina ƙarin girma aka tura shi Kagarko ya zama hedimasta. Ana gobe za mu tashi Maman 'Yan Biyu ta ƙi fita sayar da abinci a tasha. Ta yini tana yankar rassa, tana ɗaure su kashi kashi, tana naɗewa a jiƙaƙƙen buhu. Ros ɗin ta tono shi da kanta ta sa a bokiti. Da motar kaya ta zo, ta hana a ɗora katifa a kansu, ta yi ta faɗa da direba har sai da ya yarda na riƙe bokitin a cinyata a gaba. Ta ba yarana doya soyayya a takarda. Da motar ta tashi ba ta ɗaga hannu ba, ta tsaya dai a bakin hanya riƙe da ƙugu.

A Kagarko yawancinsu sun kama. Gidan hedimasta fili ne babba, matan malamai suka riƙa zuwa karɓar rassa. Ros ɗin ne kawai ya ƙi. Ganyensa ya yi rawaya, ya zube, saiwar ta ruɓe.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in na zo Kafanchan duba wata 'yar'uwata a asibiti, na biya ta tasha. Na sami Maman 'Yan Biyu ta yi ƙiba, ta kafa rumfa da benci, tana da masu taya ta aiki. 'Yarta ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta zaunar da ni, ta cika mini kwano, ta zauna gabana tana tambayata furannin ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta kewaye kewaye, har ta gaji ta ce, "Ros fa?"

Na ce, "Ya mutu, Maman 'Yan Biyu."

Ta dube ni. Na zaci za ta yi fushi.

"Ruwa ka cika masa. Na san ka. Safe ruwa, yamma ruwa, kamar mai jego."

Gaskiya ta faɗa. Na fashe da dariya, ita ma ta kama, har masu cin abinci suka juyo suna kallonmu. Ta ƙara mini nama, ta ce in ci da sauri kada motar Kagarko ta cika.

Ba mu sake haɗuwa ba. Daga baya na ji 'yarta ta sami aiki a Inugu ta yi aure, ita kuma ta sayar da gidan ta bi ta can riƙon jikoki.