Muryar Tsohuwa a Diski Biyu

Karatuna na lakwal bai wuce aji huɗu ba. Mushe, wato malaminmu, ya ce hannuna ya fi dacewa da hauya, ni kuwa ban ja da shi ba. Duk da haka bara an nemi shawarata a kan odinater, wato kwamfuta, kuma gara in rubuta kafin 'yan baƙin ciki su ce ƙarya nake.

Jikata ce ke ɗaukar bidiyon biki da suna a Magariya. Da yake mace ce, tana shiga har cikin gida inda maza ba sa leƙawa, shi ya sa daga Bande har Guci ita ake kira. Ranar kasuwa nakan zauna a shagonta in sha iskar fanka kyauta.

Ran nan na tarar ta jera wasu ƙarafa huɗu a kan tebur, kowanne kamar sandar sabulu, ta yi tagumi.

"Amarya, wa ya taɓa min ke?"

"Tsoho, zauna, yau ba ranar wasa ba ce."

Ta ce diski ake ce musu, a cikinsu ake ajiye bidiyo. Tsofaffin nata sun fara ƙara, za ta kwashe aikinta duka zuwa waɗannan sababbi, kuma aikin zai cika uku. In ta haɗe huɗun suka zama rumbu ɗaya babba, komai zai shiga har da rara, amma ranar da ɗaya ya mutu, duka sun tafi. In kuwa ta yi su biyu-biyu, kowanne da tagwayensa mai kwafe duk abin da aka zuba masa, ɗaya na iya mutuwa ɗan'uwansa ya riƙe. Sai dai wurin ya koma na diski biyu.

Na gyara hula na ce, "Wato ki gina rumbu huɗu ki ci na biyu? Wannan almubazzaranci daga dangin uwarki kika gado. Haɗe su."

"To. Amma bidiyon sunan ƙanwata yana ciki, inda Kaka take magana."

Tsohuwata, wato matata, ta rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Ba ta yarda da hoto ba, in ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi. Ban san akwai inda muryarta ta saura a duniya ba.

Nan take ilimina ya juya. Na tambaya ko ba a iya sa huɗun duka su kwafi abu ɗaya. Ta ce ana iyawa, uku ma su mutu ba abin da zai ɓata, amma wurin na diski ɗaya ne kawai.

"Haka za a yi."

"In share kakannin mutane don a ajiye matarka sau huɗu? Kai za ka je Guci ka gaya musu?"

Ban je ba. Aka tsaya a biyu-biyu, kuma dole a rage aikin diski ɗaya cur. A nan ne aka ga amfanin tsufa. Ita ba ta san rabin mutanen da ta ɗauka ba, ni kuwa na san su, na san iyayensu, na san wanda ya riga mu gidan gaskiya. Muka yi doka: duk inda mamaci ya fito, ko da gefen kunnensa ne, ba a taɓawa. Inda rayayyu ke cin shinkafa suna kallon kamara, a yanke. Ta kuma ja min kunne cewa da zarar aikin ya koma sababbin, abin da aka share a ɗaya ya tafi a tagwayensa, don shi kwafa ya sani, bai san kuskure ba.

Kasuwa bakwai na yi ina wannan aiki. Ban taɓa sanin mutanenmu na tauna haka ba. Akwai wani maƙwabcina da na ce a yanke shi a biki uku, yana nan da ransa, in yana son a gan shi ya zo da kansa. Sau ɗaya na kusa yin ɓarna: na ce a share wata mata mai daka, sai da ta juyo na gane ungozomar unguwarmu ce, Allah ya jiƙanta. Daga ranar na daina gaggawa.

A kasuwa ta bakwai muka kai ga sunan. Tsakar gidana ce, hayaƙi ya cika ta. Tsohuwa ta ba kamara baya, tana tuƙa tuwo, tana faɗa: itacen ɗanye ne, kuma ta san wanda ya sayo shi, yana can ƙofar gida yana karɓar barka kamar shi ya haihu. Matan suka kwashe da dariya. Maganar ba ta fi minti biyu ba.

"A yanke wajen da ta zage ka?"

"Ki bar shi yadda yake. Itacen ɗanye ne, ban taɓa amsawa ba sai yau."

Ta danna, ƙananan fitilu biyu suka yi ta ƙyaftawa tare har suka tsaya. Na sa ta cire diski ɗaya in gani da idona. Ta cire, ta kunna, tsohuwa ta ci gaba da faɗanta daga ɗayan, ba ta rage ko kalma ba. Na ce ta mayar, sannan ta ƙara murya kaɗan.