Iskar da Ta Ƙi Fita daga Birki

A tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Lallaɓa. Direban haya ne tun yana saurayi, kuma ƙafarsa ta dama ce ta jawo masa sunan. In ya taka birki, fasinja ba ya sanin an tsaya sai ya ga mutanen bakin titi sun daina wucewa. Mata masu sarin ƙwai kan bar motoci su cika su tafi, su zauna jiran tasa. Shi kuwa har fankama yake da abin, yana cewa gudu kowane sakarai ya iya, tsayawa ce aikin manya.

Motar tasa ce ta kansa, wata tsohuwa ruwan toka mai dogon hanci, irin wadda yanzu samari ke ɗaga waya su ɗauke ta hoto. Da ita ya riƙe gida har yara suka zama mutane. Sai ciwon suga ya kwantar da shi. Aka tura ta rumfar bayan gida, aka lulluɓe ta da tamfol, aka ce sai ya warware. Warwarewar ta ci shekaru. Ya tashi dai, amma ya tashi ya tarar an mai da shi tsohon ƙofar gida, mai kujera da ƙwayoyin magani, wanda ko ruwa ya miƙe zai ɗebo sai a ce a'a, za a kawo masa. Wannan tattalin ya fi ciwon cin ransa.

Babban ɗansa yana da shagon kayan gini, kuma ya daɗe da sa wa rumfar ido. Wata rana ya zo ya durƙusa.

"Baba, siminti na jiƙewa a waje. Masu yankan ƙarfe sun ce za su ɗauke motar nan."

"Motar da ta ɗinka maka wandon makaranta ce ƙarfe?"

"Allah ya ba ka haƙuri. To mu yi haka. In ta tashi, ka taka ta ta tsaya, wallahi ni zan buɗe maka ƙofa ka koma hanya. In ta ƙi, ka bari a ɗauke ta."

Ya faɗa ne don ya tabbata ba za ta tashi ba. Haka yaran yanzu ke kashe wa tsoho baki, cikin ladabi, kai a sunkuye. Amma Lallaɓa ya riƙe maganar da hannu biyu, domin tun da ya kwanta ba wanda ya ƙara haɗa sunansa da hanya.

Injin bai ba shi wahala ba. Ya zubar da tsohon mai, ya sa sabon batir, motar ta yi tari, ta cika gidan da hayaƙi, ta tashi. Birki ne ya zama aiki. Da ya ɗaga ta a jak ya cire tayoyin, sai ya tarar tsatsa ta manne komai. Takalman birkin sun ɓare kamar ɓawon itace, tiyo duk ya tsattsage, man ciki ya koma baƙi ƙirin. Ya shiga zagayen shagunan kayan mota, yara masu shago suna juya tsohon ƙarfen a hannu suna dariya, suna cewa wannan ai ya girmi ubansu. Ya shanye. A ƙarshe ya samo komai a wurin wani tsohon dillali, ya dawo ya ɗaura da hannunsa, yana aiki yana hutawa.

Saura fitar da iska. In aka sake wa birki tiyo da mai, iska kan maƙale a ciki, kuma muddin tana nan birki ba ya kamawa, sai dai ya nutse. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a kujera yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance ɗan noti yana ɗaurewa. Matarsa ce mai taka masa tun suna da ƙuruciya. Yanzu gwiwa ta hana ta sakat, amma ta dafa ƙofa ta hau tana mita.

"Ni da na ɗauka na yi ritaya daga wannan wahala."

"Taka, uwar yara! Riƙe! Kar ki saki! To, saki."

Suka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, man yana tsartuwa cikin kwalba da kumfa, har kumfar ta ƙare ya fito garau. Ta ce, "Maigida, ya yi tauri. Kamar dutse nake takawa."

Ya fito daga ƙarƙashi yana murmushin da ta manta yana da shi. Ya zauna, ya kama sitiyari, ya taka. Murmushin ya ɗauke. Bai ji komai ba, kamar ya tura ƙafa cikin katifa.

"Akwai sauran iska," in ji shi.

Suka sake. Washegari ma suka sake. Man birki ya ƙare, ya sayo wani. Ya ce ita ce ke saki kafin ya ɗaure. Ya ce dillalin ya cuce shi da jabu. Ya daina cin abincin kirki, ya rame, bayansa ya riƙe don kwanciya a kan siminti, kuma duk wanda ya leƙo rumfar sai ya sha faɗa. Tsoro ne fal cikinsa, yana fitar da shi da masifa.

Rannan da ya hau gwadawa, sai matarsa ta tsuguna a bakin ƙofar motar ta zuba wa ƙafarsa ido. Ta ga ya danna da ƙarfi har cinyarsa na rawa, birkin ya tsaya cak a sama bai motsa ba, shi kuwa yana cewa, "Kin gani ko? Ya nutse."

Ya sauko ya tsaya a gaban motar yana yi mata bayanin famfon birkin da zai canja gobe. Ta matso kamar mai sauraro, ta ɗora dunduniyarta a kan yatsun ƙafarsa ta dama, ta sake masa nauyinta duka. Ya ci gaba da magana. Bai tsaya ba sai da ya ga hawaye a fuskarta.

"Me kuma aka yi?"

"Maigida, dubi ƙasa."

Ya duba. Ya daɗe yana duban dunduniyarta a kan ƙafar da suga ya kashe wa ji. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe motar lafiyarta ƙalau."

Ta ce ba mai ji daga bakinta. Ta ce ko a bar wa wani mai son motar ya riƙa hawa. Ya girgiza kai. Ya san zai iya ruɗin ɗansa ya fita da ita, amma titi cike yake da 'ya'yan mutane. Kuma ya kasa haɗiye a ce motar ta warke, shi ne ya mutu daga ƙasa. Da ɗan ya dawo daga shago, ya kira shi ya ce, "Birkin ya ƙi. Kira mutanenka."

Suka zo da hantsi da motar ja da igiya. Ɗaya daga cikinsu ya shiga ya kama sitiyari, aka jawo ta daga rumfa, Lallaɓa yana biye da ita a baya. A bakin ƙofa akwai ɗan gangare. Mutumin ya taɓa birki, motar ta ƙame nan take, har goshinsa ya kusa dukan gilashi. Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Kai, Baba! Wa ya ce birkin nan ya mutu? Ai ko sabuwar mota albarka!"

Ɗan ya juyo ya dubi ubansa, uban ya kau da kai. Sai idon ɗan ya sauka ƙasa. Takalmin dama ya zame tun a bakin rumfa, tsohon yana tsaye da ƙafa tsirara a kan tsakuwar da rana ta gasa, bai ma sani ba.

Ɗan ya koma ya ɗauko takalmin, ya durƙusa ya sa masa, masu ja kuma suka ja motar suka fita da ita.