Miyar Faransawa a Gidan Shaihu Hamza

Akwai ranar da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba: ranar da na ajiye wa wani dattijon Balarabe ƙaramin faranti na miya a gabansa. Ku da kuke koyon girki a hannuna yanzu a unguwar Hindawiyya ta Makka, gara ku ji daga bakina.

Ni mutumin Damagaram ne. Shekara tara na yi ina kuku a gidan wani kwamandan Bafaranshe, matarsa ta koya mini girkinsu. Mutane ne masu girmama kayan lambu. Karas da albasa da kabewa a dafa su a tace su zama miya, gauta da tumatir su nuna a hankali cikin man zaitun, 'ya'yan itace a dafa su da ɗan sukari. Kuma ba sa jibge abinci gaba ɗaya. Miya tukuna, a kwashe, a kawo nama, a kwashe, sannan kayan zaƙi.

Bayan an gama yaƙin duniya na biyu muka biyo ta Sudan ni da matata Hajara, muka iso Makka. Na samu aiki a unguwar Misfala, gidan wani attajiri, Shaihu Hamza. A kicin ɗin, babba shi ne Mu'allim Bakur, Bahaushe haifaffen Makka, shi ke da tukunyar shinkafa da nama. Ni ne na biyu. Aikin ya zo da ɗaki a ƙasan bene, kuma ɗakin nan shi ne duk abin da muke da shi a garin, ga Hajara da tsohon ciki.

Maigidan yana fama da ciwon ciki, maiƙo ya hana shi sakat. Na fara yi masa miyar kayan lambun da ake saukowa da su daga garin Ɗa'if, da dafaffen ɗan itacen nan mishmish. Cikin wata guda ya warware. Ya shiga yabona a gaban kowa, ni kuwa kaina ya kumbura, ban lura da fuskar Mu'allim Bakur ba.

Wata Alhamis ya kira ni.

"Ya Ilu, gobe bayan Juma'a ina da baƙo, shugaban mutanen ƙauyen da ke gadin kayana a hanya. Ina so ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ka yi yadda Faransawa suke yi, kada ka rage komai."

Na ce, "To, ya Sidi."

Da safe aka yanka rago. Na gasa cinyoyin, na yayyanka su falle-falle, kan kuwa na ba masu wanke-wanke. Duk a kan idon Mu'allim Bakur. Har na tambaye shi, "Mu'allim, ka ga wani gyara?"

Ya ce, "Ni wa? Kai ne gwani, ya Ilu. Ci gaba."

Abin da ban sani ba, shi kuma ya sani tun yana goye, shi ne mutanen ƙauyen Hijaz ba su san karramawa ba sai sun ga rago sukutum a kan tiren shinkafa, kansa a sama, shaidar cewa dominsu aka zubar da jini.

Baƙi suka zauna, aka wanke hannu. Na shigo da farantai, na ajiye wa kowa nasa, miya launin ruwan ƙwai da ɗan ganye a tsakiya. Wallahi miyar ta yi. Dattijon ya dubi farantin, ya dubi ƙofa ko wani abu na tafe, ya ga ni kaɗai a tsaye ina murmushi.

Ya ce, "Ya Hamza, gidanka aka yi rasuwa ne, ko ni ka ɗauka majinyaci?"

Na yi karambani na ce nama na zuwa. Na ruga na kawo farantin yankakken nama. Nan ne abin ya ƙarasa lalacewa, don a ganinsa ragowar wani aka kawo masa. Ya miƙe, mutanensa suka miƙe, ko gahawa bai tsaya sha ba.

Maigidan ya dawo daga rakiyar da ba a karɓa ba, ya same ni a kicin.

"Wa ya sa ka wannan abin kunya?"

"Kai ka ce, ya Sidi."

"Na ce ka yi girki, ban ce ka zubar mini da mutunci ba! Bakur, kai ba ka gani ba?"

Mu'allim Bakur ya buɗe hannuwa. "Na so in yi magana, ya Sidi, amma an ce shi ya zauna da Nasara, ya fi mu sani."

Aka ba mu kwana biyu mu bar ɗakin. A wata bukkar kwano a bayan gari Hajara ta haihu, cikin zafin da ko tsuntsu ba ya fita.

Ba na jin haushin dattijon, al'adarsa ya bi. Laifina kuma na sani: na san tukunya, ban tambayi wanda zai ci ba. Shi ya sa nake matsa muku, kafin ku hura wuta ku san baƙon. Sai dai abin da aikin nan ya fi koya mini shi ne, maigida yana ba da umarni da baki, in ya ɓaci ya manta da bakinsa. Abokin aiki kuma da ya ga za ka faɗa rami ya yi shiru, ya fi wanda ya zage ka mugunta.

Ranar da muke ɗaure kaya, Mu'allim Bakur ya leƙo. Na zaci haƙuri zai ba ni.

Ya ce, "Ya Ilu, cikin maigida ya motsa. Miyar nan, albasa ake fara sawa ko karas?"

Na gaya masa daidai, ban ɓoye komai ba. Shekara ashirin ya yi yana dafa ta a gidan, kuma har ya mutu miyar Mu'allim ake ce mata.