Abin da Na Naɗe a Tabarma

Ranar mu huɗu ne a gindin mangwaron gidanmu a Mayo Gwoi: ni, surukata, jikata 'yar sakandare, sai maƙwabciyata da muke kira Mama, 'yar ƙabilar Mumuye wadda katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru. Gyaɗa muke ɓarewa bayan la'asar, bayana sai ciwo yake.

Jikar ce ta ƙi taɓa gyaɗar, idonta na kan waya. Na daka mata tsawa. Ta ce aikin makaranta ne, gem aka ba su, wato wasan waya, na ƙasashe masu bam ɗin nukiliya, wanda guda ɗaya ke cinye gari har da jariran ciki. Mutum biyu ke yi. Kowa ya lalata nasa, in an gama ƙasa ta zauna lafiya.

“Kaka, zo ki gwada da Mama, tunda ke ce sarkin faɗa.”

“Uwarki ce sarkin faɗa,” na ce, amma na goge hannu.

Ban yi boko ba, ita ke karanta mana. Kore, ka lalata. Ja, ka ɓoye guda. Duk zagaye sai in danna kore, in an zo na ƙarshe in danna ja. Wa zai zauna hannu wofi? Ashe Mama ma haka take yi. Sai fuskar wayar ta yi fari fat, garuruwan duka sun ƙone. Sau uku muna haka.

“Wayyo, ku tsofaffin nan kun kashe kowa!” in ji jikata. Surukata tana ta dariya.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta jefa ɓawo a kwano ta ce, “Hajiya, ni da kai mun daɗe muna wannan wasa. Na san abin da yana ƙarƙashin gadonka.”

“Ni ma na san abin da ke rufin kicin ɗinki,” na ce.

Bindigar toka ce ta marigayi maigidana, na naɗe ta a tabarma tun shekarar da gari ya rikice. Nata kuwa kwari da baka ne na mijinta. Mazan duk sun rasu, sun bar mu da gadin kayansu. Mun ci abincin Sallah da na Kirsimeti tare, ni na wanke jikanta ranar da aka haife shi, amma ban taɓa share ɗaki ban laluba tabarmar nan ba. Na gaji, wallahi.

Mama ta ɗauki kwanonta ta tafi, ko sai anjima ba ta ce ba.

Washegari bayan na idar da sallar asuba, na durƙusa da ƙyar na jawo tabarmar. Ta yi ƙura, bindigar duk tsatsa. Na saɓa ta a kafaɗa na zaga ƙofar Mama. Tana hura wuta. Na ajiye a gabanta.

“Ga nawa. Wurin mai unguwa zan kai.”

Ta dubi tabarmar, ta ɗaga kai ta dubi rufin kicin ɗinta. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna jiranta.