Ɗakin da aka hana ni sharewa

Maigidana, Allah ya jiƙan shi, mai gyaran agogo ne a kasuwar Faskari. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa kowa ya ɗaura agogo, har wanda bai iya duba lokaci ba. A lokacin ne wani Bature mai aikin hanya, da zai koma ƙasarsu, ya bar ma Malam wani kwali. Ban ga abin da ke ciki ba. Na dai ga ya wuce da shi ɗakinshi.

Washegari ya ce kada in ƙara share ɗakin. Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don ba a koya mana tambayar miji ba. Ya sayo farin alawayyo ya shimfiɗa a ƙasa. Kullum da hantsi, kafin ya fita kasuwa, sai ya shiga ɗakin ya tura ƙyaure ya bar taga kawai. In na kawo koko na yi sallama, shiru. Sai na yi sau uku yake amsawa, da numfashi kamar wanda ya fito daga ruwa.

Yarana biyu sun riga sun koma, ba wanda ya kai yaye, ga ni da ciki na uku. Gari kuma ya cika da maganar waɗanda suka kwana talakawa suka tashi da mota, da abin da suka bayar kafin su samu. Matar maƙwabcinmu ta ce ita dai abu ɗaya ta san ana yi da farin alawayyo. Ba ta ƙara ba.

Ranar da ya tafi cin kasuwar Sabuwa na shiga. Kan marfin kwano akwai 'yar mota, tsawon tafin hannu. Gefenta ga hantsaki, ga reza, ga tsinken tsintsiya da kakin zuma a bakinshi. Cikin takarda na sami wani fallen ƙarfe mai ruwan tagulla, kaurinshi kamar ɓawon albasa. An zana shi gida-gida irin na hatimi, da ƙananan lambobi. Gurbi biyu an yanke abin da ke ciki. Na uku an fara yanka, ba a ƙarasa ba.

Na ƙulle fallen a gefen zane, na hau mota zuwa Ruwan Godiya wurin Baba. Ya kira limamin unguwa. Liman ya juya shi a rana ya daɗe, ya ce bai san wannan rubutun ba, kuma ba ya magana kan abin da bai sani ba. Gwaggona ta ce abin da ya gagari malami bai kamata ya kwana gida ɗaya da mai ciki ba. Ni da hannuna na ninke shi huɗu, na jefa a tsohuwar rijiyar bayan gida.

Bayan kwana biyu Malam ya zo a keke, da motar cikin gwangwani. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi mashi bayani a hankali. Fallen nan, ya ce, ƙananan kayan motar ne. Biyun da ya cire su ne masu share gilashi. Ya nuna su manne a gaban motar, kowanne bai kai gashin ido kauri ba. Ya ce in reza ta taɓa su tsalle suke yi kamar ƙuma, shi ya sa ya shimfiɗa fari, tsintsiya kuwa in ta kwashe su, shi ke nan. Sallamar da ba ya amsawa, numfashi yake riƙewa kada ya hure su. Bai faɗa mini ba don kunya, kada a ji magidanci na wasan yara.

Baba ya yi dariya har da tari. Malam bai yi ba. Ya juyo gare ni ina bakin ƙofa.

"Ke, me kika zata na cire?"

Na so in yi ƙarya, ban iya ba. Na ce, "Yaran, Malam."

Ya ce, "Ni na ɗauke su zuwa makwanci. Duka biyun."

Ya ɗora ni a keke, amma bai hau ba. Tura shi ya yi a ƙasa har bakin hanyar mota, don kada in jijjigu.

Na haifi ɗiya mace, ta rayu. Motar ba a ƙarasa ta ba, don ba inda ake samun irin fallen nan. Mun zauna shekaru masu yawa bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma kullum ina jiran ranar da ta dace. Bara, a ciwon da bai tashi ba, na ce Malam ka yafe mini. Ya ce ya yafe duka, kamar yadda kowa ke cewa a wannan gaɓar. Ban san ko ya gane wanne nake nufi ba.