Yaushe Rabonki da Sujada?

Shekarun baya, lokacin bakina ya fi na yanzu kaifi, mahaifiyata ta kwanta a asibitin koyarwa. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama. Ni ke jinya. Ita kuwa irin matan cikin birnin Zariya ce: ko wuƙa aka soka mata, ka ce yaya jiki, "Da sauƙi" za ka ji.

Kowace safiya babban likita yakan zo da ɗalibai cikin fararen riguna, su kewaye gado kamar an zo ganin amarya. Wannan ya latsa ƙafa, wancan ya leƙa ido. Rannan na ƙosa na ce, "Likita, magani muka zo nema, ba aji muka buɗe ba."

Ko kallona bai yi ba. Ya juya ga wata ɗaliba siririya, wadda aka ba wa gadonmu.

"Yaya Hajiya ta kwana?"

"Ta ce da sauƙi. Tana so a sallame ta."

"Ita ta ce. Ke me kika gani?"

Ɗalibar ta hau duba takardunta. Na buɗe baki zan taimaka, ya ɗaga mini hannu. "Ke kuma 'yata, ba ke nake koya wa ba." Ya ce da ɗalibar, "In kika sallame ta a kan 'da sauƙi', a ɗauke za a dawo miki da ita. Ba za mu bar gadon nan ba sai kin samo tambayar da wannan amsa ba ta rufewa."

Yarinya ta matso. "Mama, kina cin abinci?"

"Alhamdulillahi."

"Barci fa?"

"Mun gode Allah."

Likita kuwa ya harɗe hannu, kamar ba shi da wani majinyaci a duniya. Ni har na fara tsaki.

Can idon ɗalibar ya faɗa kan sallaya, a ninke a saman durowa, ko ƙura ba ta taɓa ba. Sai ta durƙusa a gefen gado.

"Mama, yaushe rabonki da sujada?"

Mahaifiyata ta dubi hannayenta. "Tun kafin azumi," ta ce a hankali. "In na sunkuya sai in ji kamar an danna ni cikin rijiya. A zaune nake yi. Jiya ko a zaunen da ƙyar."

Ni da muke ɗaki ɗaya ban sani ba. Ashe jira take in fita kafin ta yi salla. Ga ni da bakin nan nawa, ban taɓa tambaya ba.

Likita bai ce madalla ba. Ya ce, "To ɗora abin sauraron a bayanta, can ƙasa." Ta ɗora, ta saurara, ta zaro ido. "Ruwa ne a huhu." Sai da kowane ɗalibi ya ji da kunnensa. Wannan karon ni na riƙe musu labule. Aka sauya magani, zancen sallama ya mutu.

Da ina zaton sunayen ƙwayoyi ake haddacewa a makarantar likitoci. Ashe har yadda za a tambayi mace mai kunya ake koyarwa, a tsaye, a gaban gado.

Bayan mun koma gida, wata la'asar na shigo na tarar da goshin mahaifiyata a ƙasa. Ta daɗe har na tsorata. Da ta sallame ta ce, "Kada ki yi mini ihu. Yarinyar nan mai tambaya nake yi wa addu'a."