Asirin da Na Tona a Rumfar Baduku

Daulolin duniya ba a fagen yaƙi suke faɗuwa ba. Faɗuwarsu tana farawa ne a cikin ƙananan abubuwa: ramin biro, marfin gwangwani, haƙorin Makka da aka rarake aka cusa takarda. Haka na karanta a littattafan leƙen asiri, haka kuma na riƙa faɗa a ofishin malamai a Batsari, har abokan aikina suka koyi tashi alwala da zarar na gyara murya.

Shekarun nan da ɓarayin daji suka matsa mana, kowa ya san suna da infoma a cikin gari, amma ba wanda ya san ko su wa ne. Ni kuwa na ɗauka karatuna ya zo inda zai yi amfani.

Akwai wani baduku, dattijo, mai gyaran takalma a bakin kasuwa. Wata rana ina jiran ya ɗinke min silifa, sai na ga ya juya baya, ya ɓamɓare dunduniyar wani takalmi, ya zura wani abu mai faɗi a ciki, ya shafa gam ya danne. Mai takalmin ya karɓa, ya hau babur ya yi hanyar Ruma. Na yi makonni uku ina lura da shi. Sau biyar na ga haka. Ban tambaye shi ba. A littattafan ba a tambaya.

Na je na gaya wa shugaban 'yan sa-kai, da irin Hausar da nake koyar da insha'i da ita.

Ranar kasuwa suka zo, rana tsaka, jama'a maƙil. Suka zaunar da badukun a ƙasa, hularsa ta faɗi, wani ya riga ya fara kiran a ɗaure shi. A lokacin nan, wanda aka kira infoma ba kullum yake kaiwa ofishin 'yan sanda da rai ba. Na san haka tun kafin in kai ƙarar.

Shugaban 'yan sa-kai ya ce, "Baba, me kake ɗurawa a takalman mutane?"

"Ɗana, mu shiga daga ciki in nuna maka."

"A nan za ka nuna. Ko kunya kake ji?"

"Ba tawa ba ce kunyar. Don Allah, mu shiga ciki."

Suka ƙi. Aka sa reza aka farke takalman da ke jiran masu su, ɗaya bayan ɗaya. Na farko katin shaidar aiki ya fito, na wata malamar asibiti. Na biyu na malamin gona. Na uku na wani malamin firamare da ke koyarwa a Karare, wanda muka yi kwaleji tare. Shugaban 'yan sa-kai yana ɗaga kowane kati sama yana karanta sunan da ƙarfi.

Malamin na Karare yana cikin taron. Ya matso kusa da ni, bai ko yi sallama ba.

"Malam, kai ne?"

Na ce ai alamomin sun yi yawa.

"Soja ya tare ka, yana son kati. Ɓarawo ya tare ka ya ga kati, ka zama ɗan gwamnati, fansarka ta ninka. To ina kake so mu sa shi, a goshi? Kai daga gidanka zuwa aji taku nawa ne?"

Na tambaye shi me ya sa ba wanda ya taɓa gaya min.

"Kai? A gaya maka?"

Aka saki baduku, aka karkaɗe masa hula. Washegari na je ba shi haƙuri, na shirya jawabi mai sakin layi uku. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya miƙo min silifana da na bari a wurinsa tun ranar nan. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai.

Tun daga watan nan, in ɓarayi suka tare mota a hanyar Safana, takalma suke fara cewa a cire.